Tukunyar da Baba Ya Yi wa Faci

Shafi na 17

Ranar nan ba za ta ƙare lafiya a gidan Mai Faci ba, kuma shi ma ya ji hakan a jikinsa tun lokacin da ya ɗaga labulen tagar falo.

Furen okid ɗin da 'yarsa Auta ta kawo gida kwanakin baya ne a bakin tagar. Ta ce a shagon furanni ta saya, kusa da kantin maganin da take aiki. Ranar da ta kawo shi fari ne tas, da ɗigon shunayya a tsakiyar kowane fure, ganyensa masu kauri kamar harshen saniya. Yau kuwa ganyen ƙasa ya yi rawaya, ya yi laushi kamar tsohon tiyub ɗin keke. Furannin sun zubo a kan siminti.

Ya waiga, ya tsince su da sauri, ya cusa a aljihun riga.

"Na gan ka."

Yayarsa ce, wadda yaran gidan ke kira Gwaggo. Ta zo da sassafe kamar yadda take yi duk ranar da bai buɗe rumfar gyaran kekensa ba, tana zaune a kan kujera da kofin shayi a hannu.

"Yaya, don Allah ki rufa min asiri."

"In rufa maka asiri, in kuma toshe mata hanci? Kai ba ka jin warin? Tun da na shigo nake tsammanin ɓera ne ya mutu a bayan kujera."

Kafin ya ba ta amsa ƙofar ɗaki ta buɗe. Auta ta fito tana ɗaura ɗankwali. Ita kaɗai ta rage masa a gidan tun da yayanta ya tafi neman aiki, kuma ba abin da Mai Faci yake tsoro a duniya kamar ranar da ita ma za ta ɗauki jaka.

"Ina kwana, Baba. Ina kwana, Gwaggo."

"Lafiya lau, Auta. Kin tashi? Zo ki sha shayi," ya ce, yana matsawa don ya tare tagar da bayansa.

Ta tsaya. Ta shaƙi iska.

"Baba, ɗan matsa."

"Rana ce nake sha."

"Baba."

Ya matsa.

Auta ta daɗe tana kallon furen. Sannan ta sa hannu biyu ta ciro tukunyar roba daga cikin ɗan kwandon da aka saka ta don ado. Nauyin ya ba ta mamaki. Ta girgiza, sai ga ƙarar ruwa, culum culum. Ta ɗaga tukunyar sama ta leƙa gindinta da gefenta.

Ko'ina baƙaƙen da'ira ne na roba, an yanka su daidai wa daida, an goge bakinsu, an manne su tsaf.

"Baba, mene ne wannan?"

"Faci."

"Na ga faci ne. Me ya kawo faci jikin tukunyar fure?"

"Yoyo take yi." Ya gyara tsayuwa. "Ban so in faɗa miki ba don kar ranki ya ɓaci, amma an cuce ki, Auta. Tukunyar da suka ba ki duk huji ce. Ina zuba ruwa yana bi ta ƙasa yana tsiyayewa, bawan Allah bai sha komai ba. Shi ne na tafi da ita rumfa ranar da kika yi tafiya. Sabon tiyub na yanka, ba tsoho ba. Sholisho mai kyau na sa na manne. Na tsoma ta a bahon ruwa kamar yadda nake gwada taya, ko kumfa ɗaya ba ta fitar ba."

Gwaggo ta ƙware da shayi. Ta dinga tari tana dariya tana dukan cinya.

"Wayyo cikina! Wannan ƙanin nawa, ko rariya aka ba shi ajiya sai an dawo an tarar ya mai da ita kwano!"

Auta ba ta yi dariya ba.

"Sau nawa kake ba shi ruwa?"

"Safe da yamma. In rana ta yi zafi ina ɗan ƙara masa."

"Innalillahi. Baba, ba na ce maka sai ka ga saiwar ta koma fari-fari ba? Na ce ka jiƙa shi, ka bari ya tsane sarai, ka manta da shi?"

"In manta da shi? Abu mai rai? Ke da kika zo duniya haka aka yi miki?"

"Shi ba a ƙasa yake fitowa ba, Baba. A jikin bishiya yake maƙalewa, saiwarsa a waje tana shan iska. Hujin nan da gangan aka yi su."

"Wa zai huda sabuwar tukunya da gangan?"

Ta juya ta ɗauko tsohuwar jarida ta shimfiɗa a ƙasa.

Suka durƙusa su biyu. Auta ta karkata tukunyar, baƙin ruwa ya kwararo, wari ya cika falon har Gwaggo ta ja mayafi ta rufe hanci. Abin da ke ciki ya zube: ɓawon itace da ya jiƙe ya yi baƙi, da gutsattsarin gawayi. Saiwoyin da a da suke da ƙiba, masu sheƙi, yanzu sun zama ruwan ƙasa. Auta ta taɓa ɗaya, ta saɓule a hannunta, ya rage wani siririn zare.

Mai Faci ya ƙura wa zaren ido.

"Ni na yi wannan?"

"Miƙo min almakashi, Baba. Ka ƙona bakinsa da wuta tukuna."

Ya kawo. Hannunsa ya rasa abin yi, sai ya ɗauki sandar da aka tokare karan furen da ita. An naɗe ta da koren ƙyalle tun daga sama har ƙasa, ƙyallen ya sha ruwa ya fara warwarewa. Ya ja bakin, ya ci gaba da warwarewa.

Ba sanda ba ce.

Wayar ƙafar keke ce, tsohuwa, ta yi tsatsa a gindi. An lanƙwasa kanta an yi zobe, aka sake murɗa bakin zoben ciki don kar ya soki hannu.

Mai Faci ya tsaya cak.

A duk masu gyaran keken da ya sani, ba wanda yake ɓata lokaci ya murɗa bakin waya ciki sai shi. Har gurbin haƙoran filayarsa yana nan, tsohuwar filayar da ɗaya haƙorinta ya karye.

Falon ya ɓace masa.

Ya ga ɗakinsu na farko, ciki ɗaya da ɗan lungun girki. Lokacin gashinsa baƙi ne wuluk. Wani mai kula da lambun otal ya kawo masa keke gyara, da wata tukunya a ɗaure a baya za a kai bola, ganye ne kawai ba fure. Ya roƙa aka ba shi, don bai taɓa kai wa matarsa komai ba sai cefane. Ta karɓa da hannu biyu kamar an miƙa mata jariri. Ta ajiye a tagar wurin girki. Shi yana fita da duhun asuba ya dawo a gajiye, bai taɓa tsayawa ya ga abin da take yi masa ba. Abin da ya sani kawai, wata rana ya dawo ta tare shi a ƙofa, Auta a goye, tana jan hannunsa.

"Zo ka gani! Ya fitar da kara! Samo min abin da zan tokare shi, amma kar ka kawo mai tsini, yaran nan ba sa jin magana."

A tsaye ya lanƙwasa mata wayar, ko takalmi bai cire ba.

Da furen ya buɗe, maƙwabta har layi suka yi. Ta yi kwalliya ranar kamar za ta unguwa, ta sa ya tsaya kusa da tagar, wai ya ga abin da ya tsinto daga bola.

Ya ajiye wayar a hankali. Ya ɗauki tukunyar, ya sa farce ya ɓanɓare faci ɗaya. Ya kalli hujin da kyau, abin da bai yi ba ranar da yake sauri ya toshe shi. Bakin hujin a narke yake, ya yi ɗan tudu. Ba inji ya huda ba. Ƙusa aka ɗora a wuta.

Har warin ya dawo masa. Warin ƙonanniyar roba a lungun girki, ita tana riƙe da ƙusa da tsumma tana 'yar waƙarta, shi yana daga kan tabarma yana cewa, "Wata rana sai kin ƙona mana ɗakin mutane." Bai taɓa tambayar me take hudawa ba.

Daga wannan tukunyar aka san ta. Daga nan mutane suka fara kawo mata nasu da suka yi yaushi. Daga nan wata gonar furanni a wani gari mai nisa ta kira ta aiki. Shi ya ce ba inda za ta. Ita ta ce za ta. Auta tana firamare aka rabu. Akwati ɗaya ta ɗauka, da tukunyar nan a kan cinya.

"Auta."

"Na'am, Baba." Ba ta ɗago ba, tana yanke ruɓaɓɓun saiwoyi.

"A wane shago kika ce kin saya?"

Almakashin ya tsaya.

Gwaggo ta ajiye kofinta a ƙasa a hankali, ba ƙara.

"Tambayarki nake yi."

"Baba..."

"Wannan wayar hannuna ne ya lanƙwasa ta. Kina goye a lokacin. Ta yaya ta je shagon furanni?"

Auta ta kau da kai.

Ya juya ga yayarsa. Gwaggo tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

"Yaya. Ke ma?"

"Ni me? Ni shayi na zo sha."

"Yaya, ki dubi Allah."

Gwaggo ta yi ajiyar zuciya. "To na sani. Sai me? Yarinya za ta ga wadda ta haife ta, sai na kira mata 'yan sanda?"

Ya koma ya zauna a ƙasa daɓas.

"Tun yaushe?"

"An daɗe, Baba," Auta ta ce, muryarta can ƙasa.

"Tafiye-tafiyen nan da kike cewa wurin aiki sun tura ki horo?"

"Na farkon horo ne."

"Sauran fa?"

Ta juya almakashin a hannunta.

"Ni da nake ɗaukar miki jaka har tasha. Nake roƙon direba ya ba ki gaba. Nake karɓar lambarsa."

"Kake kiransa har sai ya kashe waya," in ji Gwaggo.

"Yaya, ba da ke nake ba!"

"Shi ya sa ban faɗa maka ba, Baba." Auta ta ɗago, idonta ya kawo ruwa. "In na ɗan makara daga aiki, sai in hango ka a bakin titi kana leƙa kowace mota. In na yi tari sau ɗaya, ka kwaso min magani, ni da nake sayar da magani. Ta ina zan fara ce maka na je wurin Umma?"

"Laifi ne don na kula da ke?"

"Ban ce laifi ba ne."

"To me kika ce?"

Ta ɗaga tukunyar, ta nuna masa baƙaƙen facin.

"Ita ta zauna ta huda. Kai ka zauna ka toshe. Kowa a cikinku yana ganin ceton furen yake yi. Ni kuma ina tsakiya."

Mai Faci ya kalli hannayensa. Sholisho ya daɗe da zama a gefen faratansa, ba sabulun da ke fitar da shi.

Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Tana lafiya?"

Gwaggo da Auta suka kalli juna.

Ya nuna furen da ke kan jaridar. "Wannan shi ne wancan? Wanda na kawo mata?"

"A'a. Wancan ya tsufa ya mutu. Amma kafin ya mutu ya fitar da ɗa a jikin kara, ta cire ta dasa. Shi ma ya yi nasa. Wannan jikansa ne, ko ɗan jika, ita ma ta ce ta rikice. Wayar ce dai ba ta taɓa canzawa ba. Duk wanda ya fitar da kara, ita take sa masa."

"Har yanzu tana waƙa in tana aiki?"

Auta ta yi murmushi cikin hawaye. "Har yanzu. Kuma har yanzu ba ta san ƙarshen waƙar ba."

"Ba ta taɓa sani ba," ya ce. Bakinsa ya ɗan motsa kamar zai yi dariya. "In ta zo tsakiya sai ta koma farko."

"Murya kamar ana jan ƙofar kwano," in ji Gwaggo. "Amma wallahi gidan nan bai ƙara yin daɗi ba."



Auta ta koma kan aikinta. Ta yanke, ta yanke, tulin baƙaƙen saiwoyi yana ƙaruwa a kan jaridar. Sai ta tsaya.

"Baba, kawo yatsanka."

Ta ɗora yatsansa a kan wata gajeriyar saiwa can sama, kusa da ganye, wadda ruwan bai kai gare ta ba. Tana da tauri. Bakinta kore ne.

"Wannan da ranta."

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai."

"Za ta isa?"

"Wani lokaci tana isa. Wani lokaci ba ta isa."

Ya bar yatsansa a wurin kamar mai jin bugun jini. Daga nan wani tunani ya zo masa, fuskarsa ta canza.

"Tsaya. Matar da ta riƙe wayar nan duk shekarun nan, me ya sa yanzu ta rabu da ita? Ba ki amsa min ba ɗazu. Na ce tana lafiya?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Faɗa masa," in ji Gwaggo. Babu wasa a muryarta yanzu. "Ko ni in faɗa."

"Idonta ne, Baba. Ya daɗe yana dushewa. Yanzu ba ta iya bambanta saiwa mai rai da matacciya sai ta shafa. Ta bar aikin. Ta rarraba furanninta duka."

"Subhanallahi."

"Za a yi mata aiki. Likita bai yi mata alkawarin komai ba. Kuma ba ta da kowa a can da zai riƙe mata hannu."

Mai Faci ya janye yatsansa daga saiwar. Ya riga ya hango inda maganar ta nufa, amma ya tambaya.

"To ni me ya sa ta aiko min?"

"Ta ce in kawo maka tun da wuri."

"Da wuri kafin me?"

"Ta ce ta san halinka. Ta ce ba za ka iya zama ba abin da kake tashi ka duba ba. Wai in kawo maka shi ka saba da shi, ka samu abin yi wa hidima, kafin..."

"Kafin me, Auta?"

"Kafin in tafi."

Wani babur ya wuce a titi, ƙararsa ta cika falon ta fita.

"Yaushe?"

"Gobe."

"Gobe." Ya maimaita kamar bai san kalmar ba. "Kin haɗa kaya?"

"Suna ƙarƙashin gado."

"Ke kika taya ta, Yaya?"

"Ni na ba ta akwatin," Gwaggo ta ce. "Kuma ka daina kallona haka. Tun jiya nake ce mata ta faɗa maka, tana cewa bari ka ci abinci, bari ka huta. Ku duka biyu haka kuke."

Ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya je taga, ya dawo. Ya sa hannu a aljihu, sai ya ji furannin da ya cusa ɗazu, sun yamutse. Ya fito da hannun.

"Jinya ce dai ko? Jinya tana ƙarewa. In an sallame ta, ta samu sauƙi, sai ki dawo."

Auta ta shiga naɗe gefen jaridar.

"Auta. Sai ki dawo."

"Akwai wani kantin magani kusa da gidanta, Baba. Sun ce in ina so, akwai gurbi."

"Kin karɓa?"

"Ban ba su amsa ba."

"Amma ba ki ce a'a ba."

"Ban ce a'a ba."

Ya buɗe baki. Maganar da ta zo masa ita ce wadda ya taɓa faɗa wa mahaifiyarta a wancan ɗakin: ba inda za ki. Tana kan harshensa, ya ji ɗacinta. Gwaggo ta zuba masa ido, ba ta ko ƙiftawa.

Sai wayar Auta ta fara ruri a kan tebur.

Ta leƙa. Ta dafe ƙirji.

"Ita ce. Kiran bidiyo ne."

"Kar ki ɗauka," in ji Gwaggo. "Dubi ƙasan nan."

"In ban ɗauka ba za ta san akwai matsala. Na yi mata alkawari yau zan nuna mata. Ta ce kafin a rufe mata ido tana so ta gan shi a tagarka, Baba, ko da dishi-dishi ne. Ta ce in ka yarda, ka tsaya kusa da shi."

Su ukun suka kalli jaridar. Ganye a kwance ba fure, baƙin ruwa, tukunya mai faci a kife.

Wayar ta katse. Ta sake farawa.

Auta ta ɗauko ta, ta miƙa masa da hannu biyu.

"In ɗauka, ko kai za ka ɗauka?"

Mai Faci ya goge tafinsa a jikin riga. Bai san ko saiwa ɗaya za ta iya riƙe furen ba. Bai san me zai ce wa muryar da ya yi shekaru bai ji ba. Kuma har yanzu Auta ba ta faɗa masa ko za ta dawo ba.